Zuwa Kallon Nafurar Jidda da Dare: Kurakuran da Baƙinmu Suka Fi Yi

Daga watan Rajab zuwa bayan ƙaramar salla, gidana a Jidda ba ya rabo da baƙi. 'Yan umra ne daga Kano, Zariya, Maraɗi, wani lokacin har da 'yan uwa daga Kumasi. Idan an gama ibada, an sayi dabino da jallabiyoyin tsaraba, sai ka ji wani ya ce, "To yanzu saura a kai mu mu ga ruwan nan." Ruwan nan shi ne Nafurar Sarki Fahad, wadda mu mazauna garin muke ce wa Nafura kawai, wato ruwan da ake harbawa sama daga cikin Bahar Maliya, a haska shi da fitilu idan dare ya yi. Na raka mutane ba adadi, wasu a motata, wasu na bi su cikin bas ɗin masu zagayawa da baƙi. Waɗanda suka dawo suna murna da waɗanda suka dawo suna tsaki duk ruwa ɗaya suka je gani. Bambancin yana ga yadda aka shirya tafiyar.

Zuwa da hoton Dubai a ka

Wannan ne ya fi ɓata wa mutane rai, kuma tun daga gida suke tahowa da shi. Mutum ya ga bidiyo a Facebook, ruwa na rausaya, kiɗa na tashi, launuka na canzawa, sai ya ɗauka abin da zai tarar ke nan. Yawancin irin wannan bidiyon na Dubai ne, na nafurar da aka buɗe a 2009 a gindin dogon benen Burj Khalifa. Nafurar Jidda ba ta rawa, ba ta da kiɗa, ba a kuma buga ƙararrawa a ce an fara. Ruwa ne guda ɗaya tilo, miƙaƙƙe, fari fat cikin duhun teku.

Wani kawuna da na kai ya tsaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya ce, "Kai ɗan nan, yaushe za a fara ne?" Na ce, "Kawu, ai shi ke nan, abin da kake gani shi ne." Ya ce, "Au, famfo ne ya fashe ashe." Dariya ta hana ni ba shi amsa. Amma da muka zauna na faɗa masa abin da yake kallo, sai ya miƙe ya sake duba shi da wani ido.

Gyaran ke nan: a san abin kafin a je. An ƙaddamar da ita a 1985, kyauta ce daga Sarki Fahad ga birnin Jidda, kuma an ɗauko fasalinta ne daga wadda ke tafkin Janiba a ƙasar Suwizalan. Ta Janiba mita 140 take kaiwa. Ta Jidda tana haura mita 260, shi ya sa ake lissafa ta a matsayin mafi tsawo a irinta a duniya. Idan ka ƙaddara kowane hawa na bene mita 3 ne, ka ga ruwan ya wuce hawa 80. Hasumiyar agogon Makka, wadda kowane alhaji ya ɗaga kai ya kalla har hularsa ta kusa faɗuwa, mita 601 ce, to ruwan nan ya kusa rabinta. Yana fita daga bakin bututun da gudun kilomita 375 a awa, alhali jirgin ƙasan Haramaini da ya ɗauko ka daga Madina iyakarsa 300. Fitilu sama da 500 ne ke haska shi. Gindin kuma an yi shi da siffar kaskon turaren wuta irin na Larabawa, wanda suke kira mabkara, don haka ruwan yake zama kamar hayaƙin turare yana tashi. Ruwan gishiri ne kai tsaye daga teku, ba ruwan daɗi ba, kuma wannan zai dawo mana a gaba.

Wanda lallai ruwa mai rawa da kiɗa yake so, akwai irinsa a wurin shaƙatawa na Bulibad da ke Riyad. Wannan wata tafiya ce daban, kada a ɗora wa Jidda laifin abin da ba ta yi alkawari ba.

Barin Nafura ta zama ragowar tafiya

Yadda aka saba tsara zagayen gari shi ne a taso daga Makka bayan Azahar ko La'asar, a shiga Balad, wato tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2014, a ga Gidan Nasif da tsofaffin tagogin katako, a shiga kasuwa, a je masallacin nan na kan ruwa, Masallacin Rahma, a ci abinci, sannan a ƙare da Nafura. A takarda tsarin ya yi kyau. A zahiri kuwa, kasuwa ce ke cinye komai. Hajiyoyinmu idan suka shiga shagon atamfa da mayafai a Balad, minti 30 da aka ba su sai ta haifi awa biyu, kuma ba mai iya fito da su sai sun ga dama. Kafin a iso bakin teku ƙarfe goma ta wuce, direba ya gaji, yana ta duba agogo, sai a tsaya minti goma a gefen titi a ce kowa ya ɗauki hoto a koma mota. An je, amma ba a gani ba.

Ni abin da nake yi shi ne in juya tsarin. Lokacin Nafura nake fara kafawa, sauran wurare su bi bayansa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga faɗuwar rana zuwa Isha. A lissafin Ummul Ƙura da ake bi a ƙasar nan, tsakanin Magariba da Isha minti 90 ne, a Ramadan kuma awa biyu. Wannan tazarar ita ce rabonka. Ku iso kafin kiran Magariba, ku ga rana na nutsewa cikin teku, domin Jidda yamma take fuskanta. Ku yi salla a Masallacin Hasan Inani da ke nan bakin ruwa a unguwar Hamra, ko wani na kusa. Idan kun fito, sama ba ta gama yin baƙi ba, tana da sauran shuɗi-shuɗi, ga farin ruwa ya tsaya a tsakiyarta. Minti 20 ɗin nan sun fi duk sauran daren kyau. Kasuwa kuma ba ta gudu, shagunan Jidda suna kaiwa dare sosai, a bar ta zuwa bayan Isha.

A tuna Magariba tana matsawa. A tsakiyar sanyi tana faɗuwa kafin ƙarfe shida, a tsakiyar zafi kuma sai bakwai ta ɗan gota. Duba jadawalin salla na ranar, kada ka yi aiki da na zuwanka na bara.

Sai maganar rana. Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, don haka daren Alhamis da daren Juma'a duk Jidda ce ke kwararowa bakin teku. Wurin ajiye mota kaɗai zai iya cinye muku rabin awa, babbar bas kuwa sai ta sauke ku can nesa. Idan da zaɓi, a ɗauki Lahadi zuwa Laraba. A Ramadan lissafin ya sha bamban: bayan buɗa-baki akwai sauƙi, amma daga an idar da tarawihi har zuwa sahur wurin cike yake.

"Kai mu Kornish"

Kalma uku da suka ɓatar da mutane da yawa. Kornish ɗin Jidda ba wuri ɗaya ba ne, bakin teku ne mai tsawon kusan kilomita 30. Idan ka ce wa direba Kornish kawai, akasari sabon ɓangaren arewa zai kai ka, inda aka gyara da wuraren wasan yara da hanyar masu tafiya da ƙafa, kusa da inda aka fara tseren motocin Formula 1 a 2021. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma Nafura tana can kudu da shi, daga nan sai dai ka hango ta kamar zaren auduga, in ma ka hango. Masallacin Rahma shi ma a arewan yake, shi ya sa masu zagayawa da baƙi sukan so su haɗa biyun a tsayuwa ɗaya, su nuna maka wani farin abu can nesa su ce ga ta nan.

Sunan da za ka faɗa shi ne Kornish Al-Hamra, ko ka ce ƙarshen Shari'u Falasɗin, wato Titin Falasɗin, ta bakin teku. Idan da Uber ko Careem za ku je, kada ka sa alamar a kan Nafurar kanta, domin a cikin ruwa take, manhajar za ta zaɓa maka duk bakin titin da ta ga dama. Sa alamar a lambun shaƙatawa na Kornish ta tsakiya ko a masallacin da na ambata.

Kada kuma wani ya karɓi kuɗinka da sunan tikitin shiga. Kallon Nafura kyauta ne, daga bakin hanya ake yin sa. Kuɗin mota da na ɗan rakiya kake biya, ba na ruwa ba.

Mantawa da iska

A nan ne nake so in ɗan daɗe, domin shi ne abin da ba wanda ke faɗa wa baƙo. Ruwan da ya tashi sama da mita 260 ba ya dawowa ta inda ya hau. Iska ce ke ɗaukar sa ta shimfiɗa shi gefe guda kamar an shanya farin mayafi, kuma wannan mayafin shi ne rabin kyan abin. Iskar Jidda galibi daga arewa maso yamma take busowa, don haka labulen yakan karkata kudu. Idan ka tsaya inda kake ganin sa ta gefe, za ka ga ginshiƙin da labulensa duka. Idan ka tsaya ta inda iskar ta nufa, danshin gishiri za ka sha.

Wata gwaggona ta zo umra da sabon tabarau na magani, ga baƙar abaya da ta saya a ranar. Muka zauna kan dakalin bakin ruwa, iska na kaɗowa ta wajenmu, ni kuma ban lura ba saboda ina ta fama da yara. Can sai ta ce, "Ɗan nan, ko dai idon nawa ne ya ƙara lalacewa? Fitilun nan duk sun zama taurari." Na karɓi tabaran na duba, gilashin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa. Ta kama gefen mayafi za ta goge, na riƙe hannunta na ce, "Gwaggo, tsaya, kada ki kankare shi." Busasshen gishiri idan aka murza shi da ƙyalle yana zana gilashi. Da ruwan gora muka ɗauraye shi tukuna, sannan aka goge. Abayar kuwa sai da safe muka ga ta yi dabbare-dabbare a kafaɗa. Haka yake ga gilashin waya da na kyamara, har da fentin mota idan an ajiye ta daf da ruwa.

Gyaran ba wuya. Da kun sauka, dubi inda labulen ruwan ya karkata, ku matsa ɗaya ɓangaren. A riƙe gorar ruwa ɗaya da ba ta sha ba ce, ta wanke-wanke ce.

Babbar maganar ita ce, idan iska ta yi ƙarfi ana kashe Nafura gaba ɗaya, haka nan idan ana gyaran injinanta, domin ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe ya huta. Na taɓa bin wata bas cike da 'yan umra daga Makka, tafiyar kusan kilomita 80, muka iso muka tarar da teku shiru, ba komai sai fitilun jiragen ruwa. Ɗan rakiyar ya ɗaga kafaɗa ya ce haka Allah ya so. Gaskiya ya faɗa, amma da ya ɗaga waya ya tambayi wani a Jidda kafin a taso, da an ɗage zuwa gobe. Nafura ana hango ta daga unguwanni da dama na garin, duk wani ɗan uwa ko direban da ke kusa da Hamra zai iya leƙawa ya gaya maka. Ranar da ka ga ƙura ta taso ko tutoci na kaɗawa da ƙarfi tun la'asar, yi wannan kiran kafin ka biya kuɗin mota.

Ciniki a dunƙule

Mu Hausawa muna da kunyar tambaya idan wanda zai kai mu ɗan gida ne. "Haba, ai namu ne, ba za mu ɓata ba." Daga nan ake ɓatawa. Masu kai baƙi zagaye iri biyu ne. Akwai masu lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, da mota mai rajista da ɗan rakiya mai kati a wuya. Akwai kuma mai motar gida da ke ɗaukar fasinja a ɓoye, wanda a nan ake kira kaddad. Na biyun ya fi araha kuma sau da yawa yana jin Hausa, amma aikin nasa ya saɓa doka, idan aka tare shi a hanya ku ma kun kwana a titi, idan kuma aka yi haɗari ba ku da madafa. Ni ba na ba baƙona shawarar shiga, ko da ɗan unguwarmu ne.

Ko da wa za ku tafi, a fayyace komai tun a Makka. Kuɗin na kowane kai ne ko na mota duka? Minti nawa za a tsaya a Nafura, kuma a wane wuri? Ni ƙasa da minti 45 ba na yarda. Abinci yana ciki? Za a mayar da ku har ƙofar masauki, ko a tasha za a zube ku? Idan aka tarar an kashe ruwan, me za a yi? A tura amsoshin a rubuce ta WhatsApp, ko da murya ce, don kada gobe a ce ba haka aka yi ba. Kada kuma a biya duka tun farko, a bar wani abu sai an dawo.

Akwai wata dabara da ya kamata a sani. Wasu 'yan rakiya suna da shagon da suke kai baƙi, na turare ko na agogo ko na zinare, ana ba su la'ada. Ba haramun ba ne mutum ya nemi na cefane, amma lokacin da ake ɓatawa a shagon daga lokacin Nafurarku ake yankar sa. Idan kun ji "bari mu ɗan biya wani wuri mai araha" alhali rana ta yi ja, ku ce a bari sai bayan Isha.

Fita ba takarda

Gajeriyar magana ce amma ta fi sauran nauyi. Tsakanin Jidda da Makka akwai shingen bincike a Shumaisi. Fita ba wuya, komowa ce ake tambaya. Mazauni ya riƙe iƙamarsa, baƙo ya riƙe fasfo ko abin da ke nuna bizarsa, alhaji ya rataya katin Nusuk, wato katin shaidar alhazai. Idan lokacin Hajji ya gabato, ana hana shiga Makka sai ga mai izini, don haka wanda ya fito kallon ruwa ba tare da shaidarsa ba yana iya kwana a waje. Alhazan da suka zo ta hukuma kada su fita sai da sanin shugaban tawagarsu. Wanda kuma ya sauka a Jidda da harami a jikinsa, ya wuce ya sauke umrarsa tukuna, Nafura na nan ba inda za ta.

Hoto

Kowa so yake ya tura wa gida, kuma yawancin hotunan da ake turawa baƙin allo ne da ɗan farin layi a tsakiya, ko kuma fuska ta yi fau da haske bayanta duhu. Laifin filasha ne. Hasken filashar waya bai wuce 'yan taku ba, ba zai kai ga ruwan da ke can cikin teku ba, sai dai ya sa wayar ta ɗauka wuri ya waye ta duhunta sauran. Kashe shi. Goge gilashin kyamarar, domin danshin Jidda yana sa shi hazo cikin minti kaɗan, musamman idan daga mota mai sanyi ka fito. Sa wayar a tsarin dare, ka jingina gwiwar hannu a kan dakali ko ƙarfen shinge, ka danna, ka ƙirga uku kafin ka motsa. Kada ka ja hoton da yatsu don ya matso, yana farfashewa ne kawai. Idan da mutum a gaba, wani ya kunna tocilan wayarsa ya haska masa fuska daga gefe, ba daga gaba ba, sai a sami fuskar da ruwan duka. Kuma a tsaye ake riƙe wayar, abin dogo ne.

Abin da ya fi ɓacin hoto haɗari shi ne wanda ya shiga cikinsa. Iyalan Larabawa suna zaune a kan dardumarsu, mata da yara, kai kuma kana juya waya kana bidiyo kana ba 'yan gida labari da ƙarfi. Ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba laifi ne a dokar ɗa'ar jama'a da aka kafa a 2019, akwai tara, idan kuma ka watsa a intanet maganar ta ƙara girma. Na ga wani saurayi daga cikin baƙinmu da wani magidanci ya tsare shi sai da ya buɗe wayar ya goge bidiyon a gabansa, kuma ya yi sa'a a nan ta tsaya. Fuskanci teku, ka bar mutane a bayanka. Haka nan Fadar Salam ta sarki tana nan kusa da Nafura. Duk inda ka ga katanga mai tsawo da askarawa a ƙofa, sauke wayar. Jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto kuwa, kada ma ka fito da shi daga jaka.

Ni dai ra'ayina, a ɗauki biyu ko uku a mayar da wayar aljihu. Na sha ganin mutum ya yi minti 20 a wurin bai kalli ruwan da idonsa ba ko sau ɗaya, ta cikin allo kawai.

Tsofaffi, yara, da ciki

Wanda ya yi ɗawafi da sa'ayi jiya, ƙafarsa ba ta gama dawowa ba. Idan da dattijo a tawagar, a taho da keken guragu ko kujerar naɗewa, a kuma tambayi inda banɗaki yake tun da aka sauka, ba sai ta matsa ba. Masallaci ne mafi sauƙi, shi ya sa nake son a yada zango kusa da shi. Mai ciwon suga ya riƙe dabino da maganinsa, domin abincin da aka ce za a ci ƙarfe takwas yana iya kaiwa sha ɗaya, layin gidan soyayyar kaza na Albaik a daren hutu kuwa sai mai haƙuri.

Zafin Jidda ba irin na Makka ba ne. Na Makka busasshe ne, na Jidda jiƙaƙƙe. A watannin Agusta da Satumba ko da dare gumi kake kamar an watsa maka ruwa, don haka babbar riga mai aiki da shadda mai sitaci a bar su a masauki, a sa jallabiya marar nauyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma iskar teku tana da ɗan sanyi bayan Isha, tsoho zai so mayafi.

Ku yi koyi da mutanen gari: darduma, fulas ɗin shayi, 'yan kofuna. Ana samun masu sayar da balila, wato dafaffen wake irin nasu mai tsami-tsami, da dafaffiyar masara a kofi. Ku kwashe sharar ku idan za ku tashi, zubar da ita ma akwai tara. Yara kuma a riƙe hannunsu. Duwatsun da ke bayan shinge suna da santsi, ba wurin wanka ba ne, kuma da dare ba a ganin zurfin ruwan. Idan wani abu ya faru, lambar gaggawa a yankin Makka da Jidda 911 ce.

Kafin kowa ya watse, a tsayar da wurin haɗuwa da lokaci, kowa ya ɗauki hoton lambar motar. Fararen bas ɗin nan duk kamarsu ɗaya da dare. Wanda ba shi da layin Saudiyya kada ya rabu da mai shi, a kuma rubuta wa kowane tsoho lambar ɗan rakiya a takarda a sa masa a aljihu.

Ranar komawa gida

'Yan Kano-Jidda sun san wannan, sabbin zuwa ne ba su sani ba. Jirgi ƙarfe ɗaya na dare, sai a ce ai da sauran lokaci, bari a biya a ga ruwa a kan hanya. Nafura ba a kan hanyar filin jirgi take ba. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewacin gari, Hamra tana tsakiya, tsakaninsu kuma akwai cunkoson Titin Madina. Ga kaya niƙi-niƙi da za a auna, ga jarkar Zamzam da za a karɓa, ga wanda kilonsa ya yi yawa zai tsaya yana kwance jaka a tsakar fili. Na taɓa yin wannan gangancin da wani yayana. Muna zaune muna shan shayi yana cewa, "Ƙanena, bari in ƙara kofi ɗaya," muka iso an rufe awon kaya da minti kaɗan. Kwana uku ya ƙara a gidana, da kuɗin canjin tikitin da har yau idan muka haɗu sai ya ce ni na ja masa.

A ware wa Nafura darenta daban, ko da kwana biyu kafin tafiya. Idan kuwa ba hali sai ranar, to a nemi kujerar taga a jirgi. Wani lokacin, idan jirgin ya tashi ya karkata ta kan teku, ana hango ta daga sama, farin tsinke a tsaye cikin baƙin ruwa. Yayan nawa ya ce shi da ya tashi tafiyar ta gaske ya leƙa bai ga komai ba, ɓangaren hamada aka ba shi.